Yadda Aka Kawar Da Ciwon Agana Daga Duniya

Duk wanda ya lura da damtsen dattawanmu, musamman waɗanda shekarunsu suka haura hamsin, zai ga wani ɗan tabo kewayayye wanda bai fi girman sisi ba, galibi a hannun hagu. Idan ya tambaya za a ce masa lamba ce. Samarin yanzu da yawa ba su san ciwon da ya sa aka yi wannan lamba ba, domin kuwa ba su taɓa ganinsa ba, likitocin da ke duba su ma a littafi kawai suka karanta shi. Wannan ciwo shi ne agana, wanda ya yi shekaru dubbai yana cin rayukan mutane, har ran 8 ga Mayu, 1980, da babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya ba da sanarwar cewa an kawar da shi daga doron ƙasa. Har zuwa yau shi kaɗai ne ciwon ɗan Adam da aka yi wa haka.

Galibi idan aka tashi ba da wannan labari, sunan mutum ɗaya ake ambata, wato Likita Edward Jenner na ƙasar Ingila, kuma lalle ya cancanci yabo. Amma idan mai karatu ya bi labarin daga tushensa, zai tarar da masu tatsar nono, da tsofaffin mata, da wani bawa ɗan Afirka, da marayu, da dubban ƙananan ma'aikatan lafiya masu yawo ƙauye ƙauye, waɗanda in ba don su ba da aikin bai kammalu ba.

IRIN ƁARNAR AGANA

Agana takan kwanta a jikin mutum kamar kwana goma sha biyu ba tare da wata alama ba. Daga nan sai zazzaɓi mai zafi ya taso, da ciwon kai da ciwon baya. Bayan kwana biyu ko uku ƙuraje su feso, su fi yawa a fuska da hannuwa da ƙafafu, su cika da ruwa, su koma mugunya, sa'an nan su bushe su yi ɓawo. A cikin mutum goma da mugun nau'inta ya kama, kamar uku sukan mutu. Waɗanda suka tashi kuwa sukan tashi da zanzana a fuska har ƙarshen rayuwarsu, wasu kuma su makance. A ƙasashenmu ta fi tashi da rani, lokacin da ake yawan tafiye-tafiye da cin kasuwanni.

Ciwo ne daɗaɗɗe ƙwarai. An ga alamun ƙurajensa a jikin gawar Fir'auna Ramses na Biyar na Masar, wanda ya mutu fiye da shekara 3000 da suka wuce. Babban likitan nan Abubakar Ar-Razi, wanda ya shugabanci asibitin Bagadaza, ya kuma rasu wajen shekarar 925, shi ne ya fara rubuta littafin da ya bambanta agana da ƙyanda filla-filla. Agana ba ta san sarki ba, ba ta san talaka ba. Ita ta kashe Sarauniya Mary ta Biyu ta Ingila a 1694, da Sarki Louis na Goma Sha Biyar na Faransa a 1774. A ƙarni na 18 takan kashe mutum wajen 400,000 kowace shekara a ƙasashen Turai, kuma masana sun ƙiyasta cewa a cikin ƙarni na 20 kaɗai ta hallaka mutum wajen miliyan 300.

SANIN DA YA RIGA LIKITOCI

Tun da daɗewa mutane suka lura da abu ɗaya, wato wanda ya yi agana ya tashi, ba ta sake kama shi. A kan wannan lura ne aka gina wata dabara a ƙasar Sin, da Indiya, da Turkiyya, da sassa da dama na Afirka, har da Afirka ta Yamma. Akan ɗebi 'yar mugunya daga ƙurjin mai agana, a tsaga fatar mai lafiya a shafa masa. A ƙasar Sin kuwa ɓawon ƙurjin ake daka wa, a hura a hanci. Wanda aka yi wa haka yakan yi agana mai sauƙi, ya warke, ya tsira daga mai tsanani.

Turawa ba su san wannan ba sai a farkon ƙarni na 18. Matar jakadan Ingila a Santambul, Mary Montagu, wadda ita kanta agana ta ɓata wa fuska, ta kuma kashe mata ɗan'uwa, ta ga tsofaffin mata suna yin wannan aiki a 1717. Ta sa aka yi wa ɗanta a 1718, bayan ta koma London kuma aka yi wa 'yarta a 1721 a gaban likitoci.

A can birnin Boston na Amurka kuwa, wani bawa da aka kamo daga Afirka, wanda aka laƙaba wa suna Onesimus, shi ne ya gaya wa ubangidansa, wani malamin coci mai suna Cotton Mather, cewa an yi masa wannan tsaga tun yana ƙasarsu, kuma abu ne sananne a can. Da annoba ta faɗa wa birnin a 1721, Mather ya roƙi likitoci su gwada, amma ɗaya kaɗai ya yarda, Zabdiel Boylston. Jama'ar gari suka fusata, har aka jefa bam a gidan Mather. Abin da ya raba gardama shi ne ƙidaya. Mutum kusan 5,900 ne agana ta kama da kanta, 844 suka mutu, wato ɗaya cikin bakwai. Boylston kuwa ya yi wa mutum fiye da 240 tsaga, shida suka mutu, wato ɗaya cikin arba'in. Wannan yana cikin karo na farko da aka yi amfani da lissafi don a gane amfanin wani magani.

Duk da haka dabarar tana da aibi babba. Agana ce ta sosai ake sa wa mutum, saboda haka tana iya kashe shi, kuma yana iya yaɗa ta ga maƙwabta, a tayar da sabuwar annoba.

JENNER DA MASU TATSAR NONO

An haifi Edward Jenner a garin Berkeley na yammacin Ingila a 1749. Shi kansa an yi masa irin waccan tsaga yana ɗan shekara takwas, ya kuwa sha wuya. Ya koyi aikin likita a hannun wani likitan karkara, sa'an nan ya tafi London a 1770 wurin shahararren likitan fiɗa John Hunter, wanda ya hore shi da cewa gwaji ya fi dogon tunani. Da ya gama sai ya koma garinsu, ƙasar makiyaya.

A wannan yanki akwai wani ciwo da ke fita a hantsar shanu, ana kiransa aganar shanu. Masu tatsa sukan ɗauke shi a hannu, su yi 'yan ƙuraje da ɗan zazzaɓi, su warke. Mutanen karkara sun daɗe suna cewa wanda ya yi aganar shanu, ta mutane ba ta kama shi. Har ma wani manomi, Benjamin Jesty, ya sa wa matarsa da 'ya'yansa biyu ita da gangan a 1774, suka tsira, amma maƙwabta suka yi ta zaginsa, magana ta mutu a nan. Manyan likitoci kuwa sun ɗauki zancen camfin ƙauye ne.

Jenner bai raina maganar ba. Ya yi shekaru yana tattara labarin waɗanda suka taɓa yin aganar shanu yana rubutawa. Ran 14 ga Mayu, 1796, ya ɗebi ruwan ƙurji daga hannun wata mai tatsa, Sarah Nelmes, ya tsaga hannun James Phipps, ɗan mai kula masa da lambu, yaro ɗan shekara takwas, ya sa masa. Yaron ya yi ɗan zazzaɓi ya warke. A watan Yuli Jenner ya sa masa mugunyar agana ta sosai, amma ko ƙurji ɗaya na agana bai fito masa ba. Wajibi ne a faɗa cewa dokokin aikin likita na yau ba za su yarda a yi irin wannan gwaji a kan yaro ba, ko da yake a zamanin sa wa yara agana da gangan shi ne rigakafin da aka saba.

Babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila ta ƙi buga rahotonsa na farko, domin shaidarsa ta yi kaɗan. Jenner ya koma ya ƙara gwaje-gwaje, ya buga littafi da kuɗinsa a 1798, mai ɗauke da bayanin mutum 23. Nan ma aka yi masa ca. Wasu suka ce ƙazanta ce a sa wa mutum ciwon dabba, masu zane suka zana mutane da kawunan shanu suna tsirowa daga jikinsu. Amma gani ya kori ji. Cikin 'yan shekaru dabarar ta bazu a Turai da Amurka, majalisar dokokin Ingila ta ba shi kyautar fam 10,000 a 1802, ta ƙara masa fam 20,000 a 1807. Ya rasu a 1823. Sunan da Turawa ke kiran allurar rigakafi da shi har yau daga sunan saniya a harshen Latin ya samo asali, kuma masanin nan na Faransa, Louis Pasteur, shi ne ya ba da shawara a 1881 a riƙa kiran kowace irin rigakafi da wannan suna don girmama Jenner.

MARAYU ASHIRIN DA BIYU

Samun magani daban, kai shi ga mabukata daban. A wancan zamani babu firiji, ruwan lambar kuwa yakan lalace a doguwar tafiya. Da Sarki Charles na Huɗu na Sifen ya so a kai shi ƙasashen da yake mulka a nahiyar Amurka, sai likitansa Francisco Balmis ya yi wata dabara. A watan Nuwamba na 1803 jirgin ruwa ya tashi daga Sifen da marayu 22. Aka yi wa biyu lamba, bayan kwana tara ko goma da ƙurjinsu ya nuna aka ɗiba aka sa wa wasu biyu, haka haka har jirgin ya ƙetare tekun Atlantika da maganin da ransa. Daga ƙasar Meziko aka ɗauki wasu yaran aka kai shi tsibiran Filifin a 1805. Ta jikin waɗannan yara ne dubban ɗaruruwan mutane suka sami kariya.

SHAWARAR KAWAR DA ITA

Kafin tsakiyar ƙarni na 20 ƙasashe masu arziki sun kori agana daga cikinsu, amma tana nan daram a Afirka da Asiya da Kudancin Amurka. A 1958 wakilin Tarayyar Sobiyat, Viktor Zhdanov, ya kawo shawara a babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya cewa a haɗa kai a kawar da ita gaba ɗaya. An amince a 1959, amma ba a ba da kuɗi ko ma'aikata isassu ba, aikin ya yi ta jan ƙafa. Sai a 1966 aka ware masa kuɗi na musamman, shi ma da ƙyar shawarar ta wuce, domin yunƙurin kawar da zazzaɓin cizon sauro da aka yi kafin nan bai kai ga biyan bukata ba. Aka naɗa wani likita Ba'amurke, Donald Henderson, ya shugabanci aikin, aka soma a farkon 1967. A wannan shekara agana tana zaune a ƙasashe 31, tana kama mutum miliyan 10 zuwa 15, tana kashe wajen miliyan biyu. Abin lura shi ne Amurka da Tarayyar Sobiyat, waɗanda ba sa ga maciji da juna a lokacin, sun yi aiki tare, Sobiyat ta ba da mafi yawan maganin da aka bayar kyauta.

Akwai dalilan da suka sa masana suka ga abin zai yiwu. Agana ba ta zama a jikin wata dabba ko ƙwaro, daga mutum sai mutum. Wanda ta kama ba ya ɓoyuwa, ko yaro ya gan shi zai gane. Lamba ɗaya tana karewa shekaru, tana kuma barin tabon da za a duba. Bugu da ƙari, idan aka yi wa mutum lamba cikin kwana uku ko huɗu da haɗuwarsa da majinyaci, tana iya hana ciwon fita ko ta rage ƙarfinsa.

Ƙananan kayan aiki biyu suka sauƙaƙa al'amarin. Na farko, a shekarun 1950 Leslie Collier na Ingila ya gyara hanyar busar da maganin ya zama gari, yadda zai yi wata guda cikin zafin rana bai lalace ba, abin da ƙasashe masu zafi irin namu suke bukata. Na biyu kuwa wata 'yar allura ce mai baki biyu wadda Benjamin Rubin ya ƙirƙiro a 1965. Idan aka tsoma ta a magani sai ɗigo ɗaya ya maƙale tsakanin bakunan, a soki damtse da ita sau goma sha biyar da sauri. Kashi ɗaya cikin huɗu na maganin da aka saba ƙararwa take ci, ana iya dafa ta a sake aiki da ita, kuma cikin ɗan lokaci kaɗan ake koya wa wanda bai taɓa aikin asibiti ba.

ABIN DA AKA KOYA A NIJERIYA

A Afirka ta Yamma da ta Tsakiya an shirya aikin a ƙasashe 20, har da Nijeriya da Nijar da Ghana da Kamaru da Cadi, da taimakon gwamnatin Amurka, aka haɗa shi da rigakafin ƙyanda. Dattawa da yawa suna tune da na'urar nan mai kama da bindiga, wadda ake taka wa da ƙafa, tana harba magani cikin fata ba tare da allura ba. Da ita akan yi wa ɗaruruwan mutane lamba cikin sa'a guda a ƙofar fada ko a kasuwa, bayan hakimai da dagatai da masu unguwanni sun sa an yi shela. Niyyar farko ita ce a yi wa aƙalla mutum 80 cikin 100 lamba a kowace ƙasa.

Amma a watan Disamba na 1966 wani abu ya faru a yankin Ogoja, a gabashin Nijeriya, wanda ya sauya tsarin aikin duka. Agana ta ɓulla a wasu ƙauyuka, alhali maganin da ke hannun wani matashin likita, William Foege, da abokan aikinsa ɗan kaɗan ne, babban kaso bai iso ba. Sai suka zauna da taswira. Suka yi amfani da rediyon 'yan mishan da ke yankin, aka aika 'yan saƙo ƙauye ƙauye su gano inda majinyata suke. Aka yi wa mutanen gidajensu da na ƙauyukansu lamba, sa'an nan aka tambayi inda danginsu suke da kasuwannin da suke ci, aka riga ciwon isa can. Dabarar daidai take da ta manomin da ya ga wutar daji ta taso, ya share ciyawar da ke gabanta don ta rasa abin ci. Annobar ta mutu tun ba a yi wa mafi yawan mutanen yankin lamba ba.

Daga nan aka gane cewa sanin inda ciwo yake ya fi yawan allura muhimmanci. Aka faɗaɗa dabarar zuwa sauran ƙasashen yankin, ana kai farmaki musamman a ƙarshen damina, lokacin da agana ta fi yin rauni. A 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a Afirka ta Yamma, a nan Nijeriya, shekara uku da rabi kacal da soma aikin.

ƘARSHEN TAFIYA

Brazil ta rabu da ita a 1971, Indonesiya a 1972. Indiya ce ta fi wuya, domin a 1974 kaɗai an ƙirga masu agana wajen 188,000. Ma'aikata fiye da 100,000 suka riƙa fita suna bin ƙasar gida gida, riƙe da hoton yaro mai agana suna nuna wa mutane. Aka sa lada ga duk wanda ya kawo labarin majinyaci, aka kuma sa masu gadi a ƙofar gidan da ciwon yake. A watan Mayu na 1975 Indiya ta ga na ƙarshe. A watan Oktoba na wannan shekara aka sami wata ƙaramar yarinya, Rahima Banu, a tsibirin Bhola na Bangaladesh, ita ce ta ƙarshe da mugun nau'in agana ya kama ta hanyar yaɗuwa, ta kuwa warke. Wadda ta kai labarinta yarinya ce 'yar shekara takwas.

Saura Habasha da Somaliya, inda yaƙi da yawon makiyaya suka wahalar da ma'aikata. Ran 26 ga Oktoba, 1977, ƙuraje suka fito wa Ali Maow Maalin, mai dafa abinci a asibitin garin Merka na Somaliya, bayan ya shiga mota ɗaya da wasu yara biyu masu agana don ya nuna wa direba hanya. Ya warke, kuma daga kansa ciwon bai sake yaɗuwa a cikin jama'a ba. A 1978 ƙwayar ta kuɓuce daga wani ɗakin bincike a Birmingham na Ingila, ta kashe wata ma'aikaciya, Janet Parker, ita ce mutum na ƙarshe da agana ta kashe. Wannan ya sa aka tattara sauran ƙwayoyin, yanzu a wuri biyu kaɗai aka yarda a ajiye su, ɗaya a Atlanta ta Amurka, ɗaya a Koltsovo ta Rasha. Bayan an yi shekara biyu ana bincike ba a ga kowa ba, kwamitin masana ya sa hannu ran 9 ga Disamba, 1979, aka yi sanarwa a watan Mayu na 1980. Abin da aka kashe a aikin tun daga 1967 bai wuce kamar dala miliyan 300 ba.

ABIN DA YA RAGE MANA

Wannan hanya ta neman ciwo da kewaye shi ba ta mutu da agana ba. Da irinta aka ƙarasa ciwon bushiya na shanu, wanda aka ba da sanarwar ƙarewarsa a 2011, da irinta kuma aka yaƙi shan inna, har aka tabbatar a watan Agusta na 2020 cewa Afirka ta rabu da nau'insa na daji, bayan na ƙarshe da aka gani a Jihar Borno a 2016. Amma ƙyanda da sanƙarau da maƙarau suna nan suna ɗaukar mana yara, alhali kowannensu yana da rigakafi.

Ga ɗalibai, abin koyi a wurin Jenner shi ne ya saurari maganar mutanen karkara, sa'an nan ya gwada ta, ya ƙirga, ya rubuta, da aka ce shaidarsa ta gaza kuma ya koma ya ƙaro. Ga ma'aikatan gwamnati kuwa, ya kamata a tuna cewa rahoton gaskiya ne ya kashe agana. A farkon aikin, abin da ake kai wa hukuma bai kai kashi biyu cikin ɗari na masu ciwon ba, wasu ma'aikata ma sukan ɓoye don gudun faɗan na gaba da su. Sai da aka mai da kawo labarin ciwo abin yabo da lada sa'an nan aka ga ƙarshensa. Malamin asibitin ƙauye da ya cika takardar rahotonsa daidai ya aika a kan lokaci, da duba-gari, da mai unguwar da ya faɗi gaskiyar abin da ke unguwarsa, aikin da suke yi ke nan.

Shi kuwa Ali Maow Maalin, ya faɗa da bakinsa daga baya cewa tsoron zafin allura ne ya sa ya kauce wa lamba, ko da yake a asibiti yake aiki. Ya shiga aikin rigakafin shan inna a Somaliya, yana bin iyaye yana ba su labarin abin da ya same shi don su miƙo 'ya'yansu. Yana cikin wannan aiki zazzaɓin cizon sauro ya kama shi, ya rasu a watan Yuli na 2013. Allah ya jiƙansa, mu kuma ya ba mu ikon kula da lafiyar 'ya'yanmu, domin rigakafi ya fi magani.